Gado Na Bakwai

A wannan asibitin ba a taɓa warkar da kowa ba, don ba wanda ya taɓa zuwa da ciwo. Tsohon sito ne na ajiye tayoyi, aka share shi, aka yanyanka shi da katako aka fitar da ɗakuna, aka bi da farin fenti. In ka ɗaga kai ba rufi za ka gani ba, sai ƙarafa da fitilu a rataye. Tagogin ba sa buɗuwa, bayansu ƙyalle ne da aka zana wa gajimare. Robar ƙarin ruwa, ruwan famfo ne a ciki. Tukwanen iskar numfashi kuwa fanko ne, da yatsa biyu za ka ɗaga su. Hatta agogon da ke bangon ɗakin marasa lafiya ba shi da batir, mai kula da kaya ne yake juya masa hannuwa zuwa lokacin da takarda ta ce. A nan ake ɗaukar shirin asibitin nan da ake nunawa a talabijin duk mako, shekara ta huɗu ke nan, kuma har yau in rana ta buɗe warin taya yana tasowa daga ƙasa.

Matar da ke sa wa mutane cuta a wurin, Mai Fenti ake ce mata. Kada ka kuskura ka ce da ita mai kwalliya, sai ta harare ka ta ce, "Kwalliya ta amare ce. Ni lalata fuska nake yi." Ka zauna a kujerarta lafiyarka lau, cikin minti ashirin ta tashe ka da ciwon shawara, ko kumburin ƙoda, ko leɓen wanda numfashi ya ƙare wa. Akwatinta na ƙarfe ne, cike da hoda da burushi da auduga da kwalaben jinin ƙarya iri uku. 'Yan watannin nan hannuwanta na yawan yi mata ƙaiƙayi, tana ta tsine wa sabon fentin da aka sayo mata.

Mijinta kuma yana gado na bakwai. Tsohon direban bas ne, da ya ajiye tuƙi zaman gida ya ishe shi, ita ta samo masa wuri cikin 'yan cika gado, wato waɗanda ake kwantarwa a baya don ɗaki ya yi kama da asibiti. Shekara uku yana kwance a can ƙurya, bargo har ƙirji, bai taɓa furta ko tari ba a gaban kamara. Sunansa ma ya ɓace, kowa Na-Bakwai yake ce masa. A gida in ana nuna shirin sai ya matsa jikin talabijin yana nuna wa jikoki da yatsa: "Kun ga ƙafar can? Ƙafata ce!" Ita kuwa ta ce, "Allah ya ba ƙafar nan lambar yabo, Dattijo."

To, 'yan cika gado suna da wani abu da suke kira ƙarin girma. Lokaci-lokaci marubucin shirin yakan zaɓi ɗaya daga cikinsu, a jawo gadonsa gaba, a ba shi cuta mai suna da magana tasa ta kansa, mako guda cur labarin a kansa yake. Da can har rububin abin ake yi.

Gwaggon gado na uku ce ta fara samu. Aka rubuta mata ciwon ƙoda. Ranar da ta zauna a kujerar Mai Fenti, takarda ta ce a kumbura mata ƙarƙashin ido, sai Mai Fenti ta ga aikin bai ci mata ko rabin abin da ta ɗebo ba, wurin kamar dama yana jira. Ta ji daɗin sauƙin aiki, ba ta kawo komai a ranta ba. Bayan mako shida aka ji Gwaggo tana asibitin gaske ana yi mata wankin ƙoda.

Sai Dogo, na gado na biyar, mai barkwancin nan. Shi shanyewar ɓarin jiki aka ba shi. Mai Fenti ta ja masa kumatu da siririn salatif har bakinsa ya karkace, ya dinga leƙa madubi yana tsokanar kansa. Wata biyu da nuna shirin, Dogo ya yanke jiki ya faɗi a tashar mota. Da suka je gaisuwa, matarsa ta ce bakinsa ya karkace ne ta hagu, daidai yadda aka gani a talabijin.

Daga nan raha ta ɗauke. Ba wanda ya fito ya ce wani abu, amma in an tafi hutun rana marubucin ya shigo ɗakin ya zauna a kan kujerarsa ta ƙurya, sai ka ga 'yan cika gado suna jan bargo a hankali suna rufe fuska, ɗaya bayan ɗaya. Marubucin nan Alƙalami ake ce masa, ɗan siririn mutum ne marar magana, ba ya cin abinci cikin mutane. Aikinsa ke nan ya zauna ya yi ta kallon gadaje, littafi a cinya, wani lokacin sa'a guda bai rubuta ko harafi ba.

Na-Bakwai kaɗai ne ba ya rufe fuska. Shi har ɗaga masa hannu yake yi.

Wata Talata da rana Mai Fenti tana wanke burushi sai ga Na-Bakwai ya faɗo ɗakinta da takardu a hannu, yana taka rawa da kafaɗa kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

"'Yar Fenti! Ƙarin girma! Magana goma sha ɗaya aka ba ni, na ƙirga. Gobe za a ɗauka."

Muryarsa a dishe take, ta fi wata guda a haka, yana cewa ƙurar sito ce. Ta tsame hannu ta karɓi takardun. Ga abin da labarin ya ce: an kawo wani dattijo da ciwon ƙirji mai ratsawa zuwa baya. Ƙaramin likita ya ce ƙwannafi ne, a ba shi magani ya tafi. Sai babban likita, jarumin shirin, ya zo wucewa, ya kama wuyan hannuwan dattijon duka biyu, ya ji na dama yana bugawa, na hagu shiru. Nan ya gane babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ce ta tsage, a yi ɗakin tiyata da shi yanzu-yanzu. A saman shafin farko akwai jerin aikinta: gumi a goshi, fuska ta yi fari, hannun hagu ya koɗe, farce su yi shuɗi-shuɗi. Ƙasa da wannan an ƙara da biro: muryarsa a dishe.

"Ka ga wannan?" Ta nuna masa.

"Ai shi ya sa aka zaɓe ni. Ba sai na wahala ba."

Ta bar shi nan tsaye, ta fita da takardun. Alƙalami yana kan kujerarsa, ɗakin ba kowa sai gadaje. Ba ta yi masa sallama ba, kuma ba ta ji kunyar hakan ba.

"Kai, me mijina ya yi maka? Gwaggo ba ta ishe ka ba, Dogo bai ishe ka ba?"

Bai ɗago ba. Ya daɗe yana murza bakin littafinsa kafin ya ce, "Yaya, kafin in fara wannan aikin, shekara goma sha ɗaya na yi ina tura gado a asibitin gaske. Daga ɗaki zuwa tiyata, daga ɗaki zuwa inda ake ajiye gawa. Mai tura gado ba ya magana, fuska kawai yake kallo daga sama, ya saurari abin da likitoci ke cewa. Yanzu in na zauna na kalli mutum, labarin ne yake zuwa da kansa. Ba ni nake zaɓa ba."

"To in gani kake yi, me ya hana ka buɗe baki ka faɗa musu?"

"Na faɗa wa Dogo. Dariya ya yi, ya ce in bar mutuwa a takarda inda na same ta." Ya rufe littafin. "Kuma wallahi ni kaina ban sani ba. Ko gani nake yi sannan in rubuta, ko rubutawa nake yi sannan ya zo. Na rasa wanda yake gaba."

Ta duba shafin ƙarshe da ke hannunta, a ƙofar ɗakin tiyata labarin ya tsaya.

"A labarin, ya tashi?"

"A labarin akwai likita," in ji shi.

Da yamma a hanyar gida babu irin magiyar da ba ta yi ba. Ta lallashe shi, ta yi faɗa, ta haɗa shi da jikokinsa, ta ce su biya asibiti yanzu ko awon jini a yi masa. Ina! Mutumin da ya shekara uku yana nuna ƙafa? Ya ce, "Haba 'Yar Fenti, ke da kike haɗa jini a kwalba, ke ce za ki tsorata da takarda? Ki bar ni in yi maganata goma sha ɗaya. In an ce kot, an gama ɗauka, ki kai ni duk inda kika ga dama, ko lahira ce."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

Ya yi dariya, ya dube ta. "Ke ma fa kin rame, ban ce a kai ki ko'ina ba."

Washegari da hantsi ya zauna a kujerarta cikin rigar marasa lafiya, yana ta bitar maganarsa a ƙasan maƙoshi. Ta ɗauko kwalbar da take fesa gumin ƙarya, ta juyo, ta tarar goshinsa ya riga ya jiƙe. Ta ajiye kwalbar. Ta ɗebo farar hoda a burushi, ta kamo hannunsa na hagu. Sanyi ƙalau, kamar ƙarfen famfo da asuba. Tafin ya koɗe, gindin farcen ya yi duhu. Ta daɗe tana kallonsa, burushin a sama bai sauka ba.

"Danne shi na yi da barci," in ji shi, yana ƙoƙarin janyewa. "Bayana ne dai ya ɗan riƙe tun da muka sauko daga mota. Zai sake ni."

Sai ga Darakta ya leƙo, ƙaton mutum mai ƙatuwar murya, wanda ya taɓa korar mai riƙe fitila saboda atishawa. Ya kama hannun ya juya shi a haske.

"Tabɗi! Mai Fenti, yau kin ƙure kanki. Dubi farcen nan!"

"Ban taɓa shi ba, Darakta. Wallahi ko burushi bai hau ba. A kai shi asibiti."

"Ai asibitin za mu," ya ce, ya bushe da dariya, ya tafa hannu. "A kawo marar lafiya!"

Dole ka san dokar wurin kafin ka ga laifin kowa. Daga sanda Darakta ya ce akshin har ya ce kot, duk wanda ba ya cikin fitowar ya zama gunki. Ba tari, ba motsi, ba tsallake farin layin da aka ja a ƙasa. Mutum talatin ne a tsaye bayan layin nan, kuma shekara huɗu suna kallon mutane suna shure-shure suna mutuwa, a ce kot su tashi su nemi ruwan sha. Idonsu ya saba. In marar lafiya ya yi nishi mai ban tausayi, abin da ke zuwa ransu shi ne, kai, mutumin nan ya iya.

Mai kula da kaya ya hau kujera ya juya agogon bango zuwa sha ɗaya da minti ashirin, yadda takarda ta ce. Aka kunna fitilu. Na'urar da ke gefen gadon ta fara ƙara, ɗit, ɗit, ɗit, bugun zuciyar wani ne da aka naɗa tun shekarar farko, ba ta haɗe da jikin kowa.

"Akshin!"

Ƙaramin likitan ya yi tasa, ya ce ƙwannafi ne. Na-Bakwai ya faɗi maganarsa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, bai yi tuntuɓe ba. A ta huɗu takarda ta ce ya dubi likita ya ce kamar ana yaga shi daga ƙirji zuwa baya. Ya faɗa, amma ba likita ya duba ba. Ya juyo da kai ya ratsa fitilu da ido har ya sami Mai Fenti a bayan layi.

"Kamar ana yaga ni," ya ce. "'Yar Fenti, kamar ana yaga ni."

Darakta ya dunƙule hannu don murna, yana yi wa mai kamara alamar ya matsa. Ita kuwa ta zaro wayarta ta duba. Sha ɗaya da minti ashirin. Ta dubi agogon da ba shi da batir, ta sake duban wayar.

Jarumin shirin ya shigo da farar rigarsa, kyakkyawan mutum wanda ko allura aka fito da ita ta gaske sai ya kau da kai. Ya kama wuyan hannuwan biyu kamar yadda aka koya masa. Nan ya kamata ya ɗago ya yi jawabin da zai sa 'yan kallo tafi. Bai ɗago ba. Ya gyara yatsunsa a hannun hagu, ya sake dannawa, ya koma na dama, ya dawo. Fuskarsa ta canza, irin canjin da ba fenti ke yin sa ba.

"Babu fa," ya ce a hankali, da muryarsa ta gida. "Jama'a, wannan hannun babu."

"Ci gaba, ci gaba," Darakta yana raɗa. Na'urar tana ta ɗit, ɗit, lafiya lau.

Mai Fenti ta tsallake layin. Shekara huɗu ba ta taɓa yi ba. Ta bi ta gaban kamara, ta ture babban likita da ƙaramin, ta kama ƙarfen gadon ta ja. Darakta yana ihu, "Wace ce wannan? Kot! Kot!" Ta juyo ta daka masa tsawar da sai da sito ya amsa: "Mijina ne yake mutuwa, ku kuna kallo! Ku kama mini!"

Allah Sarki, ka ga asibiti cike da fararen riguna, kowa da abin awo a wuya, an rasa mai sanin inda zai sa hannu. Wata nas ta ruga ta jawo tukunyar iska, sai da ta ɗaga ta ta tuna fanko ce. Suka tura gadon zuwa motar asibitin da ke bakin ƙofa, mai jan rubutu da jiniya, mai kula da kaya yana bin su yana cewa, "Ba inji! Ba ta da inji, tura ta muke yi!" A ƙarshe a bayan motar mai kawo musu ruwan sha aka shimfiɗa shi, tsakanin jarkoki, kansa a cinyarta.

Asibitin gaske ba shi da kyan na sito. Hayaniya, warin magani, mutane har ƙasa. Nas ɗin da ta karɓe su a sashen gaggawa ta dubi rigar da ke jikinsa, ta tambayi inda ke ciwo, ta ce, "Wataƙila ƙwannafi ne, Baba. Ku ɗan zauna."

Mai Fenti ta ji maganar ƙaramin likitan sito ce sak. Ta zaro takardun daga jaka, ta buɗe shafin jarumi, ta karanta da ƙarfi kamar mai shela: a ji bugun hannuwansa duka biyu, na hagu babu, babbar jijiyar zuciya ce ta tsage. Wata likita mai jajayen idon gajiya da ke rubutu a gefe ta ɗago. Ta taso ta kama hannuwan biyu, sannan ta ƙwala kira, mutane huɗu suka zo a guje. Suna tura shi ta waiwayo ta ce, "Wane likita ne ya turo ku?"

Mai Fenti ta dubi takardun da ke hannunta.

Sai bayan kwana biyu ya buɗe ido, ƙirji a ɗinke, robobi ta ko'ina, na gaske wannan karon. Ta sunkuya don ta ji abin da yake motsa baki yana faɗa.

"Saura bakwai," ya ce. "Magana huɗu kawai na yi."

Ta yi dariya har kuka ya ƙwace mata, ta riƙe hannun hagun nan, da ɗuminsa.

Ranar da ya cika mako a asibiti ta koma sito ɗaukar akwatinta, don ba ta san ko tana da sauran aiki a wurin ba. Hutun rana ne, an kashe manyan fitilu, kowa ya fita. An mayar da gado na bakwai ƙuryarsa, an gyara shi tsaf. Alƙalami yana kan kujerarsa. Ta tsaya, ta sosa hannu, ta ce, "Ya tashi. Na zo in ce maka na gode, kuma ka yafe mini maganar da na faɗa maka."

Kallonta yake yi, irin kallon da yake yi wa gadaje. Ta ji ɗakin ya yi mata sanyi. Da akwai bargo a kusa, da ta ja.

"Wata biyu ke nan ina ƙin rubuta shi, Yaya," ya ce. Ya zaro wasu takardu daga cikin littafin ya miƙo. "Mace ce wannan karon."

Ta karɓa. Idonta ya tafi saman shafin, inda jerin aikinta yake zama. Farin ido ya yi rawaya. Fata ta yi rawaya. Rama. Sawun susa a hannuwa.

Ta buɗe akwatin a kan gadon, ta jiƙa auduga, ta goge fuskarta tas. Sai a lokacin ta tuna hodarta ta shafawa kwalba biyu ta ƙare a wata ɗaya, kullum da safe tana ƙara wani shafi ba tare da ta tambayi kanta dalili ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ta je bakin ƙofar sito inda hasken rana yake, ta ɗaga ɗan madubinta, ta ja fatar idonta ƙasa. Ta san launin nan, na ciwon shawara ne. Ita take haɗa shi, rawaya kashi biyu, kore ɗan kaɗan.

Ta dawo ta juya takardun zuwa ƙarshe. Rubutun ya tsaya a tsakiyar shafi, a tsakiyar magana ma.

"Ina ƙarshen?"

"Ban rubuta ba. Na ajiye biron tun jiya." Ya nuna mata shi a ƙasa, ƙarƙashin kujera. "Hannuna yana ta nema. Ki je ki riga ni."

Ta bar akwatin a buɗe a kan gado na bakwai. A asibiti ta wuce matakalar da ke hawa zuwa ɗakin mijinta, ta shiga layin yankar kati da fuskarta yadda take, takardun a ƙudundune a hannu. Layin yana da tsawo, ta tsaya har ya zo kanta. Mai ba da kati bai ɗago ba, ya ce, "Wane ne marar lafiyar?"

"Ni ce," in ji ta.